Zalika da Guntuwar Bindiga

Shagon Zalika yana unguwar Highbridge a birnin New York, a tsakiyar wani hawa da yake sa tsofaffi irina su tsaya su yi kamar suna duba waya alhali numfashi suke nema. Tana sayar da atamfa da shadda da turaren wuta, a gefe kuma kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ita ba ta ce masa shago, butik take cewa, kamar sauran mutanen Nijar. 'Yar Damagaram ce, ni kuma Bakanuwa, abokan wasa ke nan tun kakanni, saboda haka tun ranar da muka haɗu a wani gidan suna a Bronx ba mu taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba. Baiwarta take kirana. Nakan ce mata da Damagaram tana da abin arziki da ba ta zo ƙasar sanyi tana auna daddawa ba. Duk da haka kusan kullum ina shagon, a kan kujerar roba kusa da hita mai ɗumama ɗaki, tun da na bar aikin kula da tsofaffi na zama ɗaya daga cikinsu.

Ta zo New York ne a bayan mijinta Barmo, wanda yake kasa tabarau da agogo a kan tebur a titin Fordham. Ta yi kitso a Harlem har yatsunta suka fara ƙin miƙewa da safe. Daga nan ta koma ɗaukar atamfa a jaka tana bin gidajen biki. Barmo mutumin kirki ne, amma bai taɓa wuce tebur ba. Da ya rasu abin da ya bari shi ne teburin da kwali biyu na tabarau waɗanda ko kyauta ba a karɓa. Shagon nan ita ta kama shi da kanta, ita ta sa masa kanta da fitila, kuma a cikinsa ta aurar da 'ya'ya uku. Duk wanda ya san Zalika a shagon ya santa. Ban taɓa ganinta zaune a falon wani ta wuce rabin sa'a ba tare da ta fara neman jakarta ba.

Babban ɗanta Habibou yana ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti, yana da gida a Port Richmond, can Staten Island, da mata da yara uku. Shi ne ɗan fari, don haka Zalika ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Shekara kusan talatin a Amurka ba su rage komai daga wannan ba. "Wancan" take cewa. In yana zaune a gabanta tana da magana da shi, sai ta nemi wani ta gaya masa, kuma yawanci wanin nan ni ce.

Wata rana bayan la'asar, ina asibitin haƙori, wani saurayi ya shiga shagon hannunsa a cikin aljihun riga. Bai nuna komai ba, ya dai ce ta buɗe akwatin kuɗi. Ta ce masa ya fito da abin da ke aljihun ta gani tukuna. Ya ture ta, ta faɗi a kan ƙugu, ya kwashi abin da ya samu ya tafi. Ƙashi bai karye ba, Habibou da kansa ya duba hoton. Amma ta yi makonni tana jan ƙafa.

Tana cikin jinya ya zo gidanta da maganar da ya daɗe yana ɓoyewa. Ya gyara mata ɗaki a ƙasan gidansa, da banɗakinta da talabijin. Ta rufe shago ta koma can ta huta, ta ga jikokinta. Bai ce kuɗin mai raino ya ishe su ba, ni ma ban ce ba, amma mu uku mun sani. Yana maganar yana kallona, ita kuma tana kallon bango.

"Rabi, ki gaya ma wancan ban haihe shi don ya binne ni da rai ba."

"Tanti Rabi, ki ce mata in yaron nan ya dawo da wuƙa fa? Me za ta yi, ta jefe shi da daddawa?"

Na ce musu duka biyun suna da kunne, su bar wahalar da ni. Ba wanda ya kula. Zalika ta ce in tsaro ne matsalar, za ta sayi bindiga ta ajiye a butik. Habibou ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce ya yarda, in ta samu lasisi ta riƙe shagonta, in ba ta samu ba ta tattara. Ya san garin nan. A New York lasisin bindiga ya fi gidan haya mai araha wuyar samu, kuma a lissafinsa tsohuwar da ba ta iya cike takardar asibiti ba sai an taya ta, ba za ta kai ko'ina ba.

Abin da ya manta shi ne mahaifiyarsa ta taɓa bin layin ofishin shige da fice na shekaru. Jira ba ya ba ta tsoro. Ta je aka ɗauki zanen yatsunta, aka kira ta aka yi mata tambayoyi, aka ce ta kawo mutanen da za su shaidi halinta. Ni ma na rubuta cewa mace ce mai haƙuri da sanyin rai, Allah ya yafe mini. Sanyi ya wuce, zafi ya wuce, wani sanyin ya kama hanya, sai ga lasisi. Sharaɗinsa bindigar ta zauna a shago, ba ta fita sai zuwa wurin koyon harbi, a kulle cikin akwati, babu harsashi a ciki.

Tare muka je sayen. Mai shagon bindigogin wani farin mutum ne mai ƙaton ciki. Zalika ta bi gilashin da ido, farashin kawai take karantawa, har ta tsaya a kan wadda ta fi duka araha. Libarba ce 'yar guntuwa, baƙa, bakinta bai kai tsawon ɗan yatsa ba, cikinta mai juyawa yana cin harsashi biyar, mariƙinta na roba kamar na tsohuwar wuƙar kicin. Mutumin ya ce mata kada ƙanƙantar ta ruɗe ta. Irin waɗannan guntayen su ne mafi wuyar harbi, kunamarsu tauri, in sun tashi suna dukan hannu, kuma abin saitinsu da kyar ake ganinsa. Ya ɗauko wata mai dogon baki ya ce wannan ta fi dacewa da mai koyo.

Zalika ta juyo ta ce mini da Hausa ita za a gaya wa wannan? Shekara nawa tana ce wa mata atamfa mai araha tana zuba don su ɗauki mai tsada? Ta ce masa guntuwar take so. Ta nemi ragi bai yi ba, ta nemi gyara ya ba ta ɗan tsumman gogewa. Harsashi kwali ɗaya ta saya, mafi ƙanƙanta, ta ce ba yaƙi za ta ba.

Da Habibou ya ji, sai sharaɗi ya haifi ƙane. Ya ce bindiga a hannun wanda bai iya harbi ba kyauta ce ga ɓarawo. Sai ta je wurin koyon harbi a gabansa, ta samu ƙirjin hoton da ake kafawa sau uku cikin biyar. In ta kasa, maganar shago ta ƙare. Na ce masa wannan ba ya cikin yarjejeniyar farko. Zalika ta ce in bar shi, ta yarda. A tunaninta harbi nuni ne da matsawa, kuma ta ga yara a fim suna yi da hannu ɗaya suna gudu.

Ranar Asabar da hantsi Habibou ya kwashe mu a motarsa zuwa wani wurin harbi a Queens, a ƙarƙashin wani gini, mai warin albarushi da man inji. Mu marasa lasisi ba a bar mu mun shiga ciki ba, aka ce mu tsaya bayan wani gilashi mai kauri mu yi kallo. Mai koyarwar sunansa Hakeem, baƙin Ba'amurke ne mai furfura a gemu, ya yi mana sallama da irin larabcinsu. Ya ɗora wa Zalika abin toshe kunne a kan ɗankwali, da tabarau a kan tabaranta, ya ce ta soke mayafinta kada ya shiga tsakani. Sai ta fito kamar matuƙiyar jirgi da za ta gidan biki. Ya kafa takarda mai hoton mutum baƙi, marar fuska, ya tura ta nesa kaɗan, tazarar da ba ta fi daga kantar shagonta zuwa ƙofa ba.

Ta ɗauki bindigar da hannun dama, ta tallafa da hagu yadda ya nuna mata. Ta daɗe tana matsa kunamar, bakin bindigar yana rawa, kanta a karkace kamar mai leƙen maƙwabta ta kafar ƙofa. Da ta tashi, wuta ta fito, guntuwar ta yi tsalle, Zalika ta ja da baya har ta taka ƙafar Hakeem. Takardar ko motsi ba ta yi ba. Na biyu ya tafi ƙasa. Na uku ya samu takardar wani ɗan Koriya da ke harbi a layin kusa, mutumin ya leƙo ya dube ta. Haka aka yi ta yi, a zuba biyar a zubar. Mutumin takarda yana nan lafiyarsa ƙalau, sai rami ɗaya can gefe inda babu kowa. Fatar da ke tsakanin babban yatsanta da manuni ta tsage tana jini.

Habibou bai yi dariya ba, na ba shi wannan. Ya dai fara yi mini bayanin yadda ake sayar da ragowar kayan shago a dunƙule, da cewa ya san wani ɗan Gana a University Heights da zai saya.

Saura harsashi biyar Hakeem ya tsayar da ita, ya fito da ita inda muke, ya manna mata filasta. Sannan ya tambayi Habibou da Turanci me ya sa ba a gaya masa mahaifiyarsa bahaguwa ba ce. Habibou ya ce ai ba bahaguwa ba ce. Hakeem ya ce ya daɗe a wannan aiki. Matar nan da idon hagu take saiti, shi ya sa take karkata kai. Kuma ɗazu kwalin harsashi ya zame daga kan benci, ta cafe shi a iska da hagu kafin shi ya motsa. Ya ce hannun damanta baƙo ne a wurinta, in ta koma hagu zai yi mamaki in ba ta samu takardar ba.

Habibou ya sake cewa shi ya san mahaifiyarsa. Ni ma na buɗe baki zan goyi bayansa, don shekara ashirin ina ganinta tana ci da dama, tana miƙa canji da dama, tana sa hannu a takarda da dama da wani rubutu kamar tafiyar kaza. Sai na lura Zalika ba ta musa ba. Tana jin Turanci sarai in ta ga dama. Ta zauna a kan benci ta sa hannun hagun a ƙarƙashin mayafi.

Da ta yi magana da ni ta yi. Ta ce a Mirya, kusa da Damagaram, gidan kakarta, tun tana 'yar shekara huɗu aka gane. In ta kai hagu cikin akushi sai muciya ta sauka a kan yatsun. Da abin ya ƙi, kakar ta riƙa ɗaure mata hannun a jiki da zane tun safe har a gama cin abincin dare. Ta ce mata ba mai auren yarinyar da take miƙa wa mutane abu da hannun tsarki. Ta koyi dama. Amma yanka da almakashi da zare allura har yau da hagu take yi, in ba kowa. Barmo ya yi zama da ita shekara talatin da wani abu ya tafi kabari bai sani ba.

Sai a lokacin na gane abin da ya sa take shiga bayan labule in za ta yanka wa mai saye yadi, da abin da ya sa ba ta taɓa barin kowa ya taya ta aiki a kicin ba. Mu duk mun ɗauka rowar sirrin miya ce, mun kuma yi gulmarta a kan haka.

Na ce mata to ai ga hanya ta samu, ta tashi ta gwada. Ta ce ba za ta yi ba. Ita da girmanta, ta tsaya gaban namiji baƙo, mai furfura, Musulmi, ta karɓi abu daga hannunsa da hagu? Kuma a gaban wancan? Gara a rufe butik ɗin.

Na dube ta na ga da gaske take. Na ce mata lallai Damagarawa sai a hankali, mace ta tsallake teku ta yi kitso ta yi talla ta kafa shago, sannan muciyar wata tsohuwa da ta mutu shekaru aru-aru ta kore ta zuwa ramin Staten Island wankin kwanon jikoki. Ta ce baiwa ba ta sa baki a maganar 'ya'yan gida. Amma na ga ta ɗan motsa.

Hakeem ya tambayi me ake ciki, na fassara masa. Bai yi dariya ba. Ya ce a wurin nan ba a miƙa wa kowa bindiga hannu da hannu, ko da dama ko da hagu, doka ce. A kan benci ake ajiyewa, mai ita ya ɗauka. Ba abin da za ta karɓa daga wurinsa.

Zalika ta juya wannan a ranta. Sannan ta ce, "Rabi, ki gaya ma wancan ya juya baya."

Habibou ya ce ta yaya zai yi alƙalanci bai gani ba. Na ce masa takarda za ta fito da ramukanta, shi da aikinsa ke nan duba hoto bayan an gama. Ya dubi hannun da ke ƙarƙashin mayafi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, don shi ma ba ya kallonta. Sannan ya juya ya fuskanci injin sayar da lemo, mutum mai 'ya'ya uku, kamar ɗan makarantar da aka sa a kusurwa.

Ni na kalla. Hakeem ya kafa sabuwar takarda. Zalika ta zuba harsasan biyar, ta ɗauki guntuwar da hagu, ta tallafa da dama. Kanta ya miƙe. Kafaɗunta suka sauka. Na ga mace tsaye yadda take tsayuwa a bayan kanta in mai saye ya yi mata tayin banza. Bindigar ba ta canja hali ba, ta yi wutarta ta yi tsallenta, amma wannan karon da ta dawo sai ta tarar da hannu yana jiranta. Na farko ya samu kafaɗar mutumin. Uku suka shiga ƙirji, kusa da juna. Na ƙarshe ya wuce ta gefen kunne, ina jin don ta fara jin daɗin kanta ne.

Hakeem ya kawo takardar ya ba Habibou. Ya ɗaga ta sama wajen fitila yadda ya saba, ya daɗe yana dubawa. Ya ce wannan huhu ne, wannan ma huhu, wannan kuwa ba sai an kira motar asibiti ba. Ya naɗe takardar a hankali. Ya ce mini da Turanci magana ta ƙare, sannan ya tuna ya maimaita da Hausa, ya ce in gaya mata ta riƙe shagonta. Ta ce in gaya masa ba shi ya ba ta ba balle ya bar mata. A mota, da muka haye gada, ta ce guntuwar nan ba ta da tarbiyya, kuma farin mutumin can ya yi gaskiya, abin da ba ta taɓa tsammani daga ɗan kasuwa ba.

Bindigar tana bayan shago a cikin akwatin ƙarfe, an jibga bandiran shadda a kai. In ɓarawo ya sake zuwa sai ya yi haƙuri ta sauke kaya ta nemo makulli. Ba ta sake fitowa da ita ba sai don gogewa. Labari kuwa ya zaga Bronx, ba ta bakina kaɗai ba, amma ba labarin bindigar ne ya yi nisa ba. Mata suka riƙa zuwa sayen daddawar da ba su buƙata don su ga hannun Zalika. Wata 'yar Sakkwato ta ce ita dama ta daɗe tana zargi. Zalika ta ci gaba da miƙa canji da dama tana kallon idon kowa, ba wadda ta iya tambaya.

Kwanan baya aka yi dusar ƙanƙara, hawan nan ya zama santsi, na iso na same ta zaune ta ɗora ƙafa a kan kwali, gwiwoyin sun kumbura kamar gurasa. Tun safe mutum biyu ne suka shigo, ɗaya ma hanya ya tambaya. Mai ginin ya kawo sabuwar yarjejeniyar haya ta shekara biyar, ta riga ta sa hannu. Shekararta sittin da bakwai. Na ce mata ta yi hauka.

Ta ce ta sani. Ta ce tun kafin ɓarawon nan ya shigo ta yanke a ranta in wa'adin haya ya cika za ta rufe, ta gaji, ƙafafun ba sa ɗaukarta, har ta fara tunanin wa za ta sayar wa kanta. Da wancan ya yi shiru da bakinsa, da yanzu tana kwance tana kallon talabijin. Amma mace ba ta tsayawa gaban mutane ta fito da hannun da ta ɓoye shekara sittin saboda butik, sannan ta rufe shi bayan wata shida.

Na ce ko in je in gaya masa haka, a daidaita.

Ta ce, "Ki gwada. Kin dai ga takardar nan da ramukanta."

Sannan ta ce in tashi in juya allon ƙofa, don tun ɗazu yana nuna a rufe muke.